Taswira a Kan Garin Fulawa

Bayan lisha, in an rage wutar tanderu
a lungunmu na Karantina, nan Jidda,
Hogir kan ce, "Sha'aibu, aje buhun nan,
dakon yau ai ya ishe ka."

Ran nan ya barbaɗa gari bisa katako,
ya baje shi da tafin hannu,
ya ce, "Matso ka ga inda aka binne cibiyata,
kar ka ce ban taɓa nuna maka."

Ya tara tsibi uku da gefen yatsa.
"Wannan dutse yana duban Iran,
wancan ya ba Iraƙi baya,
na ukun Turkiyya ta kafa masa tuta.
Mu Kurdawa muna can ƙasan kwari,
kamar tsakuwar da ta faɗa turmi
ana tsakiyar daka."

Ya ja farce, rafi ya fito.
"Ruwan nan ko a bazara sai ya kashe maka haƙori.
Wata biyar dusar ƙanƙara ke toshe hanya,
mai naƙuda sai a ɗauke ta a bargo,
maza shida, ana zamewa ana sauka."

Na ce, mu a Kamba iyaka fili ce,
gonar kawuna rabinta na Nijar,
jakinsa bai taɓa nuna takarda ba.
Ya yi dariya har da tari:
"Alfadarinmu ma haka.

Shi ya san hanyar dare fiye da mu,
ya kai shayi da sukari, ya dawo da mai.
Ina ɗan shekara tara soja suka zo,
suka ce ko ku karɓi bindiga ku yi mana gadi
ko ku kwashe kafin rana ta faɗi.
Da dare na kan dutse suka sauko,
suka ce wanda ya karɓa ya san sauran.
To, faɗa mini, wa za ka ɗauka?"

Ban amsa ba. Fanka na ta juyi.
Ya dangwala yatsa sau bakwai a garin.
"Ƙauyuka ne. Biyu suka rage.
Amyar zumar babana ta ci wuta,
kwana uku kwarin na ƙanshin kaki,
tsohon bai ce uffan ba, bai yi kuka.

An yi sulhu, mun koma, mun yi jinka.
Ƙanena Zinar ya bi akuya gangare,
ƙasa ta tashi da shi.
Nakiya ba ta jin rediyo, Sha'aibu,
ba wanda ya gaya mata an daina.
Yana nan da rai, yana gyaran takalma a birni,
shi da ke sayen ƙafa ɗaya
ya bar wa mai kanti ɗayar don babu mai sa ta.
Sulhun ma bai yi ƙarko ba.
Yanzu abin a sama yake, ba matuƙi,
yana ƙugi kamar zuma, ba ya saƙa,
makiyayi na jin sa ya fasa hawa,
ciyawa ta tsufa ba mai taka."

Wayarsa ta yi ƙara, uwarsa ce.
Sai ta hau rufin ɗaki take samun layi,
wani sa'in layin wata ƙasar ne.
Na ji sunana cikin yarensu.
Ya ce, "Tana tambaya ko kana cin abinci,
wai a hoto duk ƙasusuwa ne a wuyanka."

Ya kashe waya, ya dubi katakon.
Gari ba abin zubarwa ba ne.
Ya tattara duwatsun da rafin,
ƙauyuka bakwai da iyaka uku,
ya zuba ruwa da gishiri, ya hau murza.

Da asuba layi ya kai bakin titi,
'yan Yaman, 'yan Habasha, da mu Takari.
Na karɓi tamis ɗina da zafinsa,
na tsaya ina juya shi a hannu.
Hogir ya ce, "Ci mana, zai huce.
Motar fulawa ta iso, tana jiran ka."